Hannun da Ke Cikin Bidiyon

Litinin 2 ga wata, 6:10 na safe

Yau kwana huɗu Auta ba ta zo aiki ba. Na kira ta sau biyu, wayar tana shiga, ba a ɗauka. Inna ta ce lafiyarta ƙalau, jiya ma ta je gaishe ta da sabon takalmi. To, madalla da takalmi.

Kek uku na gasa. Biyu ba sa bukatar rubutu, waɗannan ba su dame ni ba. Na ukun mai shi tana so a rubuta sunan ɗanta a kai. Na ce mata ai yanzu an daina yayin rubutu a kan kek, kati ake sokawa a gefe. Ta ce to, tunda ni na faɗa. Na kashe waya ina jin kunyar kaina.

Shafin ma kwana huɗu ba a saka komai ba. Auta ce ta buɗe mini shi shekara uku da suka wuce, ita ta sa masa suna Hannun Yaya. Ta ce mutane sun gaji da ganin fuska, hannu suke so su gani yana aiki. Sai ta kafa waya a saman teburin kicin tana kallon ƙasa: faranti mai juyawa, ledar aisin da ake matsawa a yi rubutu da ado, hannu biyu, shi ke nan. Daga kek biyu a mako muka kai har ina ba mutane haƙuri. Mabiya dubu goma sha ɗaya, kuma babu wanda ya san kamannina a cikinsu sai tsofaffin kwastomomi.

Talata 3 ga wata, 11:30 na safe

Mai shagon fulawa ce ta nuna mini. Na je sayen bota, sai ta ce, "Mai kek, ashe ƙanwarki ta buɗe nata? Shi ne ba ki faɗa mana mun taya ki murna ba." Ta miƙo mini wayarta.

Hannu biyu ne a kan farin teburi, suna rubutu a kan kek mai ruwan hoda, da irin lanƙwasar nan da nake yi wa wutsiyar harafi, wadda na yi wata biyu ina koya mata. Sai wayar ta fara ɗagowa a hankali. Gwiwar hannu, kafaɗa, fuska. Tana murmushi ta ce, "Ni ce hannun da kuka saba gani. Wata tara ina ɓoye, yau na fito." A ƙasa ga sunan sabon shafi, Kek ɗin Auta.

Mai shagon ta zuba mini ido tana jiran in ce wani abu. Na ce ta ba ni bota huɗu. Na fito ban karɓa ba, sai da ta biyo ni da ita har bakin titi.

Talata, 4:00 na yamma

Sau goma sha shida na kalla. Ko a waya ba ta ce mini ga abin da za ta yi ba.

Laraba 4 ga wata, 7:15 na safe

Ni na goye ta. Shekara goma sha huɗu na ba ta, ni na yi mata wanka, ni na kai ta makaranta tana birgima a ƙasa. Ranar da ta fara shiga kicin ɗina ko ƙwai ba ta iya fasawa ba sai da ɓawo a ciki. Na riƙe hannunta a cikin nawa muna zagaya faranti har ta iya jan layi miƙaƙƙe. Yau ita ce ta tsaya gaban duniya tana cewa hannunta ne. To hannunta ne mana, wa ya ce na maƙwabta ne? Amma wa ya zuba masa abin da ke cikinsa?

Baban yara ya ce in sha shayi in kwantar da hankali. Na ce ya zuba rabin kofi kawai. Ya sani sarai, an daɗe yana zuba mini rabi, amma sai da na faɗa don in samu wanda zan yi wa faɗa.

Alhamis 5 ga wata, 1:20 na rana

Mutum ɗari shida sun bar shafina. Waɗanda suka rage kuma tambaya ce kawai. "Yaya, da gaske ne?" "Yaya, ki fito ki yi magana." Wata mai bin ƙwaƙƙwafi ta rubuta, "Ni dama na lura zoben ya yi wa yatsan yawa." Mutane ba su da aikin yi, wallahi.

Eh, zobena ne. Ni na ce ta saka. Wata tara da suka wuce, ranar da rawar hannun nan ta ɓata mini kek biyu a jere, na rufe ƙofar kicin na cire zoben azurfar da aka san ni da shi a bidiyo, na miƙa mata. Na ce na ɗan lokaci ne, kafin in warware. Ta ce, "Yaya, daga ni sai ke. Ko Inna ba za ta ji ba." Da bakinta ta faɗa, har da hawaye.

Haɗin nawa ne, gashin nawa ne, ni ke tashi tun asuba in kunna oben. Rubutu da ado kaɗai ta karɓa. Amma rubutu da ado ne kaɗai ake gani a bidiyo, wannan kuwa na sani.

Zoben a cikin kofin awo na tsince shi ɗazu. Can ta ajiye mini ranar da ta tafi.

Asabar 7 ga wata, 9:00 na safe

Malama ta kira. Tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata ce, ta yi ritaya, kuma ita ce kwastomata ta farko, shekara bakwai ke nan. Har yanzu in tana magana sai ka ji kamar ka gyara tsayuwa.

Ta ce, "Mai kek, na ga rashin kunyar da ake yi miki. Kar ki ce komai, ki bar ni da ita. Ni a gabana kika rubuta sunan marigayi maigidana a kan kek, tun ba a san wani bidiyo ba. Na san hannunki kamar yadda na san rajistar aji."

Na ce, "Na gode, Malama." Iyakar abin da na ce ke nan.

Kafin awa ɗaya ta rubuta dogon sharhi a ƙarƙashin bidiyon Auta, har da na ɗaya, na biyu, na uku. Ta kira ta butulu, ta kira ta maƙaryaciya. Na karanta sau uku, kuma ba zan ɓoye wa littafin nan ba, na ji daɗi.

Lahadi 8 ga wata, 5:40 na yamma

Na je wajen Inna don ta tsawatar mata. Ta bar ni na gama zuba, tana ta ninke kayan wanki, sannan ta ce, "Ke ce babba." Kullum ni ce babba. Da za a raba gado da girman nan da na fi kowa arziki.

Sai ta ce, "Me kika ce da yarinyar nan ranar da mai hira ta zo?"

Ashe har wannan an kai mata. Wata ce mai shafin tallata ƙananan sana'o'in mata ta zo watan jiya, ta ɗauki muryata da hoton kicin. Tana ta yaba rubutun da ke bidiyonmu, ina ta cewa alhamdu lillahi. Sai ta hango Auta a bakin famfo ta ce wace ce wannan. Na ce yarinyar da ke taya ni wanke-wanke ce. To me zan ce? In ce ga mai rubutun? Da hira ta ƙare a nan, da shafin ya ƙare a nan, da ni da ita duk mun rasa. Auta ta ci gaba da wanke kwanon da ta riga ta wanke.

Inna ta ce, "Shekararta ashirin da bakwai."

Na ce na san shekarunta, ni na yanka mata kek ɗin zagayowar haihuwarta.

Litinin 9 ga wata, 6:30 na safe

Abin da na faɗa bai kai a yi mini haka ba.

Laraba 11 ga wata, 2:10 na rana

Na buɗe kabad in ɗauko fitilar nan mai zagaye da muke haska teburi, babu ita. Na duba sabon bidiyon Auta da kyau, ga haskenta nan a jikin cokali, har da gefen da ƙwan ya mutu.

Na tambayi baban yara. Ya daɗe yana neman makullin motar da ke hannunsa. Can ya ce shi ya kai mata, ta ce tata ce, ita ta saya. Na ce yaushe. Ya ce ranar Lahadin waccan. Wato kwana biyu kafin bidiyon. Wato ya ɗora fitilar a mota, ya kai, ya dawo, ya ci abincina, ya tambaye ni ko na ji daga Auta.

Ya ce, "Ban san abin da za ta yi da ita ba."

Na ce, "Da fitilar bidiyo? Ka ɗauka karatu za ta yi?"

Ya ce maganar da ta fi fitila muhimmanci ita ce takardar da na cusa a gwangwanin madara, ranar komawa asibiti ta wuce da mako uku. Na ce ya fita mini daga kicin.

Alhamis 12 ga wata, 10:45 na safe

Malama ta sake kira. Tana da zauren tsofaffin ɗalibanta a waya, mata sun fi ɗari huɗu, wasu har sun yi jikoki amma har yau tsoronta suke ji. Ta ce ta sanar da su duk wadda ta sayi kek a hannun yarinyar nan ba da yawunta ba. Ta ce, "Na ce musu na sa sunana a kan maganar nan, kuma sun san ban taɓa sa sunana a kan ƙarya ba."

Na buɗe baki. Na rantse na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Na gode, Malama."

Oda biyar sun shigo yau daga ɗalibanta. Duk na ce musu kati ake yayi.

Juma'a 13 ga wata, 3:00 na rana

Shafi in ba a ba shi abinci ba mutuwa yake yi, haka Auta ke cewa. Na lalubo wani tsohon bidiyo na shekarar farko na sake sakawa. Wannan hannuna ne na gaske, yana tafiya a kan kek ba gargada. Na zauna ina kallonsa kamar hoton wata 'yar'uwa da ta yi tafiya.

Minti goma aka yi wata ta rubuta, "Wannan ai tsoho ne, Yaya. Sabo muke so."

Lahadi 15 ga wata, 12:15 na rana

Malama ta gama da ni, kuma da zuciya ɗaya ta yi.

Ta rubuta a shafina, ta rubuta a zaurensu, sannan ta kira ni. Jikarta ta gama karatun likita, tana son kek ranar Asabar. Ta ce, "Za ki rubuta shi kai tsaye a bidiyo, ƙarfe goma sha ɗaya, kowa yana kallo. Na riga na sanar. A nan za a rufe bakin kowa." Na ce ai da ta fara tambayata. Ta ce, "Tambayar me? Abin da kike yi kullum?" Ta ce a rubuta Barka Likita, kar a cika surutu.

Na ce na gode.

Talata 17 ga wata, 8:20 na safe

Harafi goma sha ɗaya ne. Na ƙirga.

Na kife tire ina gwadawa a bayansa. Da sassafe ya fi sauƙi, kafin in gaji. B yana fita. Daga r sai abin ya fara, kamar wani ne ya kama gwiwar hannuna yana wasa da ni. In na danne da hannun hagu yana raguwa, amma duk wanda ya taɓa riƙe ledar aisin ya san ba a rubutu da hannu biyu haka. Na goge, na sake, na goge, har aisin ya narke don ɗumin tafina.

Littafin nan ma da wani zai buɗe, cewa zai yi tsutsa ce ta bi ta kan takarda. Shi ya sa nake son sa, ba ya yin sharhi.

Laraba 18 ga wata, 6:50 na yamma

Sau arba'in yau. Biyu sun yi dama-dama.

Juma'a 20 ga wata, 4:30 na yamma

Ta zo. Ina wanke tire na ji sallamarta, ta tsaya a bakin ƙofar kicin kamar baƙuwa. Ta rame. Ban ce ta zauna ba.

Ta ce, "Yaya, ki soke abin gobe. Ki ce ba ki da lafiya."

Na ce, "Lafiyata ƙalau."

Ta dubi tiren, ta dubi ledojin aisin da suka cika kwandon shara. Ta ce, "To in zo da safe in yi miki. Wayar ƙasa take kallo, ba wanda zai sani. Daga wannan shi ke nan."

Na yi dariya, irin wadda ba ta da daɗi. Na ce, "Ki tona ni ranar Talata, ki rufa mini asiri ranar Asabar? Sannan jibi ki sake ɗaga waya ki ce ga fuskarki?"

Ta ce, "Ban tona ki ba. Na ce hannuna ne, kuma nawa ne. Na faɗa wa wani dalili? Mako biyu ana zagina, oda bakwai aka soke mini, mai ɗakin da nake haya ɗalibar Malama ce, ko gaisuwata ba ta amsawa. Kalma ɗaya zan rubuta duk a daina. Ban rubuta ba."

Na ce, "Sai in gode miki ke nan?"

Ta ce, "A'a. So nake ki ce ni ba mai wanke-wanke ba ce. Ko a nan, ba kowa."

Ina da amsa, na san ina da ita. Amma sai na ji bakina yana cewa ta ja mini ƙofar in ta fita, ƙudaje na shigowa. Ta ja ta a hankali, ko ƙara ba ta yi ba. Da ta buga ta da na fi jin daɗi.

Asabar 21 ga wata, 8:30 na safe

Kek ya yi kyau, fari tas, ko ɗigo babu a gefe. Baban yara ya ɗaure wayar a jikin kujera da igiya, ya ɗora kujerar a kan teburi. Ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Bai yi na uku ba.

Asabar, 12:40 na rana

Mutum ɗari takwas da wani abu suka shigo kallo.

B ya fita. a ya fita. A kan r ya fara, sai wutsiyar ta tafi inda ban aike ta ba. Na tsaya. Na kawo hannun hagu na riƙe wuyan na dama, duk a cikin hoto, duk suna gani. Baban yara ya kai yatsa zai kashe, na ce ya bari.

Ban shirya magana ba. Na ce, "Wannan shi ne hannun Yaya. Haka yake tun wata tara. Wanda kuke gani a bidiyo na Auta ne, ni na sa ta, kuma ta fi ni iyawa tun kafin nawa ya lalace." Wannan na ƙarshen ban san ina da shi a ciki ba sai da na ji shi a waje.

Sannan na ƙarasa. Minti goma sha huɗu a kan abin da nake yi a minti ɗaya. Ana iya karantawa, in mutum ya san abin da aka so a rubuta.

Sharhi yana ta zuba. Allah ya ba ki lafiya, Allah sarki Yaya, wayyo Yaya. Wata ta ce in sha kaza da kaza, wata ta ce tana da lambar mai magani. Shekara uku ina so a ce kek ɗina ya yi kyau, yau mutum ɗari takwas suna yi mini sannu. Auta ba ta rubuta komai ba. Malama ma ba ta rubuta komai ba.

Asabar, 5:30 na yamma

Da kanta ta zo ɗauka, ba ta aiko direba ba. Ta ƙi shiga falo, ta tsaya a kicin da jakarta a hannu. Na buɗe mata kwalin. Ta daɗe tana duban rubutun ta saman tabarau, yadda na san ta duba dubban littattafai.

Na ce in tana so a shafe a sa kati.

Ta ce, "A bar shi. Jikata likita ce, za ta gane." Ta rufe kwalin da kanta. Ta ce, "Allah ya ba ki lafiya, mai kek. Ciwo ba abin kunya ba ne, da kin faɗa mini da ni zan raka ki asibiti."

Na fara cewa na gode, ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Kar ki sake ce mini kin gode. Sau uku na kira ki, sau uku kina gode mini. Kina ji na tsaya gaban yaran da na yi shekara talatin ina hana su ƙarya, na sa sunana, na ce 'yar mutane maƙaryaciya ce. Kin san ba haka ba ne, kika bar ni. Ni me na yi miki?"

Mako uku ina yi wa littafin nan wannan tambayar a kan Auta, a kan baban yara, a kan Inna. Ban taɓa zaton za a tsaya a kicin ɗina a yi mini ita ba. Ba ta jira amsa ba.

Ta ce, "Ina ne wajen ƙanwarki? Da ƙafata zan je in ba ta haƙuri."

Na jawo takarda na ɗauki biro zan rubuta mata kwatance. Ta dubi hannuna, ta kawar da kai.

Ta ce, "Faɗa mini da baki kawai."